Kawuna da Ya Je Auna Sandar Jirgin Ruwa

Da maza suka dawo daga maƙabarta, gidan Kawu da ke unguwar Barking a London ya cika har mutane suna zaune a kan matakalar bene. Takalma sun taru a bakin ƙofa, sai an tsallake su ake shiga. Ni ina tsakanin kicin da falo, ina kai shayi ina kwashe kofuna, don na rasa inda zan sa kaina. Duk wanda na wuce ta gabansa sai in ji yana ba da labarin marigayin, kuma kowa da irin mutumin da ya sani.

Wani dattijon likita ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Tun da ya sa hannu a lasifikar masallacinmu ba ta ƙara ƙugi ba."

Wata Hajiya da ke kusa da taga ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka mai gyaran talabijin ne. Ba wanda ya gyara mata zancen. Can sai ga wani tsohon Bature ya shigo riƙe da furanni, ya cire takalmansa ba tare da an ce masa ba, ya tsaya yana neman wanda zai miƙa wa. Anti, matar Kawu, ta karɓa da hannu biyu, ta ba ni in sa a bokiti. Baturen ya ce sun yi shekaru a ofis ɗaya, kuma bai taɓa aiki da mutumin da ya fi Kawu wahalar gamsarwa ba. Ya faɗa yana murmushi, idonsa kuma ya kawo ruwa.

Babban ɗan Kawu, wanda aka haifa a nan, yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa. Ya same ni a kicin ya ce, "You know, I never really understood what Dad did." Na buɗe baki zan yi masa bayanin aikin mahaifin nasa, aka kira ni in kawo sukari.

Mutum ɗaya ne ya ƙi zama: aminin Kawu, wani dattijo ɗan zangon Gana da ya yi ritaya daga tuƙin bas, wanda duk muke kira Baba. Aka kawo masa kujera, ya ture ta da ƙafa.

"Mutumin nan bai taɓa zauna wuri guda ba," in ji shi da Hausarsa ta zango. "Yau ni ma ba ni zaunawa."

Anti ta ji shi daga inda take. Ta ce a hankali, "Tun aurenmu nake ce masa ya zauna ya huta."

Cikin duk mutanen da ke gidan, ban da Baturen nan, ni kaɗai na san aikinsa, domin ni ma shi nake yi. Shi ya sa nake wannan rubutun.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya fara aiki yana saurayi a wani filin jirgin sama a Arewa, yana kula da na'urar radar, wadda ke aika sigina ta bugi abu ta dawo, a gane inda abin yake. Daga nan ya samu tallafin karatu ya zo London, kuma aiki ya riƙe shi. Da na zo yin digirin digirgir a fannin sarrafa sigina, a ƙaramin ɗakin bayan gidansa na sauka.

Ba a cika sati da zuwana ba ya koya mini abin da ya shafe rayuwarsa a kai, kuma a kan teburin cin abinci ya yi. Ya janye farantin tuwon da Anti ta ajiye, ya ɗora cokali biyu a kan tire, ya ce wannan jirgin ruwa ne. Ya kafa kwalbar yaji a gefe, ya ce ita ce radar, tana bakin teku, ba ta motsi.

"Radar ta gama-gari ɗigo kawai za ta nuna miki," in ji shi. "Ta ce ga abu can. Amma kwale-kwalen masunta ne ko jirgin dakon kaya? Ba ta sani ba. To duba nan."

Ya shiga karkata tiren hagu da dama kamar yadda ruwa ke yi wa jirgi. Ya ce idan jirgi yana tangaɗi, wani sashensa yana matsowa wajen radar, wani yana ja da baya. Amon da ke dawowa daga kowane sashe yakan ɗan bambanta. Idan ka fara cire tafiyar da jirgin ke yi gaba ɗayansa, ka bar tangaɗin kaɗai, ka tace bambance-bambancen nan da lissafi, sai siffar jirgin ta fito, ko da hazo ya rufe teku. Turawa suna kiran dabarar ISAR a taƙaice.

"Amma akwai tarko," ya ce, ya ɗaga yatsa. "Ba ke kike juya jirgin ba, ruwa ne. Ba ki san saurin juyawarsa ba. In kika yi kuskuren ƙiyasta shi, hoto zai fito da kyau, girman kuwa ƙarya ne."

Anti ta ce, "Tuwon nan ya huce."

Ya ce, "Sai a ɗumama." Ya ci gaba da karkata tire har cokali ɗaya ya faɗo.

Haka yake. Bai iya cin abinci a zaune har ya gama ba, sai ya miƙe da kwano a hannu ya je taga ya dawo. In mun hau jirgin ƙasa na District line tare, sai ya sauka tun saura tasha biyu, ya ce ƙafa ta fi. In ana hira ya ji wani ya ce "kowa ya san haka", sai ya tambaya, "Wa ya auna?" Ya sha ɓata wa mutane rai da tambayar nan a wajen suna da ɗaurin aure. Abin da ya fi yawan faɗa mini shi ne, "Kyan hoto ba shaida ba ne." Yana faɗa ko a kan hoton radar, ko a kan hoton gidan haya da aka sa a talla.

Sau biyu ya haɗa kayansa zai koma gida ya koyar. Na farko kafin a haife ni. Na biyu ina gidan. Ya yi ta rubuta wa wata jami'a wasiƙu, ya ce zai zo da na'urorinsa ya kafa ɗakin gwaji, ba ya son komai sai ɗaki da wutar lantarki. Aka amsa masa sau ɗaya cewa ana duba maganar. Akwatunan suka yi watanni a ƙarƙashin bene, a ɗaure, muna tuntuɓe da su. Wata rana da safe na tarar Anti tana kwance su tana mayar da littattafan kan kanta, shi kuma ya fita tun asuba. Ba wanda ya tayar da zancen, har yau.

Rigimarmu ta zo ne a shekarata ta ƙarshe. Jami'armu ta taɓa kafa radar a bakin kogi, ta ɗauki bayanan wani ƙaramin jirgi mai jan kwale-kwalen kaya. Da waɗannan bayanan na yi aikina. Na ƙirƙiro hanyar ƙiyasta saurin tangaɗin jirgi, kuma hotunan da na samu sun fito tas, har supervisor ɗina, malamin da ke duba aikin, ya ce in kai su taro. Saura sati uku in miƙa kundina, bizata kuma ta kusa ƙarewa. Ranar wata Lahadi da rana na kawo kwamfuta falo don in yi wa Kawu burga.

Ya sa tabarau, ya duba hoton farko, ya duba na biyu. Bai ce ya yi kyau ba. Ya sa farce a kan sandar da ke tsakiyar jirgin.

"Wannan sandar, tsawonta nawa a ma'auninki?"

Na faɗa masa.

"Ɗiyata, wannan ai tsawon bene hawa huɗu ne. Jirgi mai jan kaya a kogin nan, da irin wannan sandar, ta ina zai bi ƙarƙashin gada?"

Na ce wataƙila wani irin jirgi ne na daban.

"Kin gan shi da idonki?"

"Ba ni na ɗauki bayanan ba, Kawu."

"To wa ya auna?"

Gaskiyar da na ɓoye wa kaina ita ce, akwai wata lamba a cikin lissafina da na yi ta juyawa har hoton ya yi kyau, na bar ta a nan. Ya gane haka kafin in faɗa. Ya miƙe ya fara kai da kawowa tsakanin taga da ƙofa, yana cewa gobe in je in gaya wa supervisor. Na ce ba zan je ba, ba wanda zai lura, in na samu digirin sai in gyara. Ya ce wata rana wani ma'aikacin ceto zai dubi allo ya yanke hukunci da hanyata, ya ɗauki ƙaramin kwale-kwale cike da mutane a matsayin babban jirgin da ba ya buƙatar taimako. Ya ce in ban je ba, shi zai rubuta wa supervisor ɗin.

Nan na faɗi abin da har yanzu yake ci na. Na ce, "Shi ya sa ka tsufa ba ka zama komai ba. Sa'o'inka sun zama farfesoshi, kai kana gyaran lasifikar masallaci."

Anti ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Ke! Kawun naki?"

Kawu ya daina kai da kawowa, ya zauna a kujera, ya cire tabarau. A iya zamana a gidan ban taɓa ganin ya zauna haka ba. Kafin magariba na tattara kayana na koma gidan wata ƙawata a unguwar Deptford.

Kwana tara ina jiran kiran supervisor. Ban iya aiki ba, ban iya bari ba. In buɗe hoton, in rufe, in fita kasuwar kan titi in zagaya shagunan 'yan Afirka ban sayi komai ba, in dawo in sake buɗewa. Mahaifiyata ta kira daga gida tana faɗa, na kashe wayar.

A rana ta goma aka danna ƙararrawa. Baba ne, da ambulan a hannu, hularsa jiƙe da ruwan sama. Ya ƙi shigowa.

"Kawunka ya ce in kawo maka wannan," in ji shi. "Yarinya, kai ka wahal da tsoho. Ka wahal da ni ma."

A bakin ƙofar ya ba ni labari. Kawu bai rubuta wa kowa ba. Ya tuna wasu haruffa da ya gani a sunan fayil ɗin bayanan, ya yi zaton taƙaitaccen sunan jirgin ne. Ya ɗauki Baba suka yi ta bin bakin kogi, daga wannan mashigi zuwa wancan, suna tambayar ma'aikata. Kwana shida suna yawo. Wani wuri aka kore su, wani wuri mai gadi ya ɗauka tsofaffi ne suka ɓata hanya. Da suka samu jirgin a ɗaure ana yi masa fenti, Kawu ya roƙi direbansa, ya zaro tef ɗin awo na ɗinkin Anti daga aljihu, ya kama tsani zai hau sandar.

"Ni na riƙe rigarshi," in ji Baba. "Na ce in ka faɗi ruwa, me zan gaya wa matarka? Direba ya yi dariya, ya ce tsoho sauka. Ya sa mutuminshi ya hau da tef na gaskiya."

Na buɗe ambulan. Takarda ɗaya ce. Ya zana jirgin da biro, ya rubuta tsawon sandar, da na ɗakin direba, da tazarar da ke tsakaninsu. Sandar ba ta kai rabin abin da hotona ya nuna ba. A ƙasa ya rubuta layi biyu: inda yake ganin kuskuren ya shigo, da cewa tunda yanzu ina da awo na gaskiya, zan iya gwada hanyata da shi, abin da mutane da yawa ba su samu ba. Babu gaisuwa, babu sa hannu.

Washegari na je wajen supervisor na faɗi komai. Ransa ya ɓaci, amma ya nema mini ƙarin lokaci, kuma da takardarsa aka tsawaita bizata. Na rushe babi guda na sake ginawa. Sakamakon da na samu a ƙarshe bai kai na farko ƙyalli ba. Hanyata tana aiki ne kawai idan tangaɗin jirgin bai yi yawa ba, kuma haka na rubuta. Masu jarrabawa sun fi daɗewa a kan wannan babin, ɗayansu ya tambaye ni yadda aka yi na samu awon jirgin. Na ce wani ɗan'uwana ne ya je ya auna.

Ban koma Barking da zama ba, kuma ban ba shi haƙuri yadda ya kamata ba. Na je da goro da turare ranar Juma'a, na durƙusa na fara, "Kawu, maganar da na faɗa..." Sai ya katse ni, ya ce in zo in ga wata na'urar ɗumama ɗaki da ya kwance. Muka yi awa biyu muna neman ƙusar da ta ɓace. Na ɗauka zan samu wata rana in ƙarasa maganar. Ranar bikin yaye mu a wani zaure da ke Aldwych ya zo da babbar riga, ya zauna na ɗan lokaci, kafin a kira sunana ya fice waje. Na same shi a bakin titi yana kallon bas suna wucewa. Ya ce zauren ya yi masa zafi. Ya karɓi takardar digirin, ya juya bayanta kamar mai neman kuskure, ya mayar mini, ya ce, "To, madalla." Baba ne ya gaya mini daga baya cewa ta tagar ƙofa ya kalli lokacin da na hau dandamali.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi a bara. Na sha zuwa asibiti in tarar ya zame daga gado yana ƙoƙarin tsayawa, ma'aikatan jinya suna lallashinsa. Harshensa ya yi nauyi, amma hannun da ya rage masa bai daina motsi a kan bargo ba. Ran nan na ce, "Kawu, ka yafe mini." Ya dube ni, ya yi wata magana da ban gane ba. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, ban gane ba. Ya gaji ya juya kai. Ban san ko yafewar ce ya faɗa ba, ko ruwa yake so. Bayan sati biyu ya rasu, da hantsi, Anti na gefensa.

Bayan sadakar bakwai, da gida ya yi sauƙi, Anti ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini wayarsa.

"Ki karɓi abin nan. Kullum sai ta yi ƙara. Yaran nan ne na gida, ni ban san me zan ce musu ba."

"Waɗanne yara, Anti?"

"Ɗalibansa. Ba ki sani ba? Tun da maganar komawa ta mutu yake koya musu ta waya. A tsaye a lambun baya, ko ana sanyi."

Ban sani ba. Na buɗe na ga wani zauren hira na ɗaliban injiniya daga jami'o'i daban-daban na Arewa. Saƙonnin murya ne jere, nasa da nasu, da Hausa, da Turanci a inda Hausar ta ƙi. Na saurari ɗaya. Ga muryarsa, tana haki don yana tafiya, yana cewa su ɗauko tire da cokali biyu. Tun da ya kwanta ba a amsa musu ba. Suna ta tambayar ko lafiya. Saƙo na ƙarshe na wata ɗaliba ne, ta turo hoton da ta haɗa daga bayanan gwaji, duk ya dusashe, ta ce, "Malam, na cire tafiyar jirgin kamar yadda ka ce, amma har yanzu ba ya fitowa. Ina na yi kuskure?"

Kwana huɗu wayar tana jakata. In ciro ta a jirgin ƙasa, in mayar. In ciro a ofis, in mayar. A rana ta biyar da safe, a hanyar aiki, na sauka a wata tasha da ba tawa ba, na samu benci a ƙarshen dandamali inda ba hayaniya. Na danna wurin ɗaukar murya na yi sallama. Na ce ni 'yar ƙanwar Malam ce, Allah ya yi masa rasuwa, an yi jana'izarsa a nan London, ina roƙonsu su sa shi a addu'a. Muryata ta karye, na saki, saƙon ya tafi a haka.

Na zauna jirgi biyu suka wuce. Sannan na buɗe hoton ɗalibar na ƙara girmansa, na duba sosai. Ta haɗa bayanan lokaci mai tsawo da yawa a hoto ɗaya, jirgin ya canja yanayin tangaɗinsa a tsakiya. Na sake danna wurin ɗaukar murya.

Na ce, "Ƙanwata, ba ki yi nisa da daidai ba. Ki rage tsawon lokacin da kike ɗauka, ki raba shi gida uku, ki gwada kowanne daban, ki turo mini in gani."

Kafin in kai ofis ta amsa. Ta yi ta'aziyya tana kuka, ta ce za su yi masa sauka a makarantarsu. A ƙarshen saƙon ta tambaya ko za ta iya turo hotunan ranar Asabar. Na ce ta turo.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwancinsa, ya ba shi hutun da bai yarda ya yi a duniya ba. Abin da na faɗa masa ranar Lahadin nan, Allah ya sa ya yafe.